Ciwo a baya, yanka ta gaba: abin da ya kamata dangi su sani kafin su sa hannu

Cikin makon da ya wuce wani saƙon murya ya shigo wayar gidan rediyo daga wani ɗan yankin Babankatami da ke neman abinci a Abijan. Ƙanensa aka ɗauko daga ƙauye zuwa Buza bayan ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Daga Buza aka tura su gaba, har suka tsinci kansu a Yamai. Ga abin da ya ce, yadda ya faɗe shi: "Wai sun ce sai an hiɗe shi ta ciki, alhali bayanai ka ciwo. Mi ya haɗa ciki da baya? Ku hwaɗa muna gaskiya, mu aiko kuɗɗi ko mu ce a maido shi gida?"

Ba shi kaɗai ke cikin wannan hali ba. A ƙasar Madawa da Buza da Keita da wuya ka samu gidan da ba shi da ɗa a Najeriya, ko Kodebuwa, ko Libiya, ko Aljeriya. In ciwo ya yi tsanani, wanda ke waje shi ke biya, kuma sau da yawa shi ke yanke hukunci ta waya, bai ga mara lafiya ba, bai ga likita ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna a kan tambayarsa. Haɗarin wannan aiki gaskiya ne, za mu faɗe shi ba rufa-rufa. Amma abin da muka fi so a riƙe shi ne: mafi yawan haɗarin tun a ƙauye yake taruwa, cikin watannin da ake cewa "sanyi ne, zai wuce".

Mi ya haɗa ciki da baya?

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Gaɓoɓi ne aka ɗora kan juna kamar tubali: 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a ƙugu, sannan na ƙasa da suka manne da juna. Tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai rage gogayya. Ƙulle-ƙullen da kake ji in ka shafa bayan mutum wutsiyar gaɓar ce kawai. Jikin tubalin, mai kauri, mai ɗaukar nauyi, yana can ciki, yana fuskantar maƙogwaro da huhu da hanji. Laka kuma, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa da mafitsara, tana bi ta wani rami da ke bayan wannan tubali.

To, ka ga inda maganar take. In ɓarnar a jikin tubalin take, likitan da ya shigo ta baya laka zai fara tararwa a kan hanyarsa, ita kuwa ba a ture ta gefe kamar labule. In ya shigo ta gaba, zai isa inda ɓarnar take kai tsaye, ya kwashe abin da ya ruɓe, ya ɗage wa laka nauyin da ya danne ta, ya sa tokara ta ƙashi ko ta ƙarfe a gurbin. Ƙashin tokarar daga jikin mutumin ake ciro shi, daga ƙugu ko haƙarƙari. Likitan da ya ce zai bi ta gaba bai ɓata hanya ba, kuma ba kuɗi yake nema ya ƙara ba. Hanya ce da aka sani fiye da shekara 60.

Cutar da ke cin gaba

A wajenmu abu biyu ne suka fi kai mutum ga wannan aiki. Na farko karaya: faɗuwa daga kabu-kabu, faɗawa rijiya, faɗowa daga gawo wajen sassabe wa dabbobi, ko ruftawar rami a wuraren haƙar zinariya inda samarinmu da yawa suke. Na biyu, wanda ya fi yin shiru, shi ne tarin fuka na ƙashin baya.

Mutane da yawa ba su san tarin fuka na barin huhu ba. Ƙwayar cutar tana bin jini ta sauka a ƙashi, kuma kusan rabin tarin fukan da ke kama ƙashi a gadon baya yake sauka. Mutum yana iya ɗauke da shi ko tari ɗaya bai yi ba. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana cutar a 1779, shi ya sa za ku ga an rubuta sunansa a takardun asibiti. Halinta shi ne ta fara cin gaban tubalin. In ya ruɓe sai ya zube, na sama ya kifo kan na ƙasa, baya ya tanƙware, ƙusumbi ya fito. Mugunya da tarkacen ƙashi kuma su matsa baya su danne laka. Daga nan ƙafa ta fara nauyi, tafiya ta koma ja, fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi tsayawa.

Wannan ba a kwana ɗaya yake faruwa ba. Watanni yake ɗauka. Ciwon baya a wuri ɗaya wanda ba ya sauka ko an kwanta, zazzaɓin yamma, zufar dare, rama, yaron da ya daina sunkuyawa sai dai ya durƙusa in zai ɗauki abu a ƙasa. Duk mun san abin da ake yi a waɗannan watanni. A sha ƙwayar ƴan tebur, a je wa wanzami ya yi ƙaho, in kumburi ya fito a cinya ko a gefen baya a yi sakiya, in abin ya ƙi a ce sammu ne. Ba mu raina kowa ba, amma babu ƙahon da ke kai wa gaban ƙashin baya.

A 1956 wasu likitoci biyu a Hong Kong, Hodgson da Stock, suka bayyana yadda suke shiga ta gaba su kwashe ƙashin da tarin fuka ya cinye su sa sabo. Har yau ana kiran wannan aiki da sunan birnin. A daidai wannan zamani, a Amurka, Smith da Robinson suka buɗe hanyar shiga ƙashin wuya ta gaban wuya, wadda yanzu ta zama ɗaya daga cikin ayyukan ƙashin baya da aka fi yi a duniya.

Kowace hanya da maƙwabtanta

Haɗarin aikin gaba daga maƙwabta yake zuwa, wato sassan jikin da dole a raɓa kafin a isa ƙashi. Sun bambanta gwargwadon inda ciwon yake.

In a wuya ne, ana ɗan tsaga gaban wuya, a janye maƙogwaro da hanyar abinci gefe guda, babbar jijiyar jinin da ke hawa kai ɗaya gefen. Abin da ya fi yawa bayan aiki shi ne wahalar haɗiya, kuma ga mafi yawan mutane tana wucewa cikin kwanaki ko makwanni. Akwai kuma wata siririyar jijiya mai motsa murya. In ta sha ja, murya kan dushe, yawanci na ɗan lokaci, amma wani lokaci ba ta komowa yadda take. Ga liman ko malamin makaranta ko maroƙi wannan ba ƙaramin abu ba ne, ya kamata a gaya musu tun kafin. Hujewar hanyar abinci ba ta cika faruwa ba, amma in ta faru babbar magana ce. Abin da mai jinya ya kamata ya sa wa ido a daren farko shi ne kumburin wuya. Jini na iya taruwa a ciki ya matse hanyar iska. In ka ga wuya na tashi, numfashi na ƙara, kada ka jira safiya, kada ka ji nauyin tada ma'aikaci daga barci.

In a ƙirji ne, ana bi ta tsakanin haƙarƙari, wani lokaci a cire ɗaya, a kwantar da huhun wannan gefe don a samu fili. Nan maƙwabtan su ne huhu da babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya. Mutum zai farka da roba a gefen ƙirji tana fitar da ruwa da iska na ƴan kwanaki. Ciwon haƙarƙari kan hana shi jan dogon numfashi, daga nan ciwon huhu ke samun ƙofa. Wanda tarin fuka ya riga ya ci huhunsa, ko wanda rama ta gama da shi, ko mai shan taba, shi ya fi shiga haɗari a nan.

In a ƙugu ne, ta ciki ake bi, a ture jakar hanji gefe. A gaban waɗannan gaɓoɓi manyan jijiyoyin jini biyu ke kwance, suna rabuwa zuwa ƙafafu. Mai mayar da jini zuwa zuciya fatarta siririya ce, kuma in ciwo ya daɗe mugunya kan manne ta da ƙashi. Yagewarta ita ce abin da likitoci suka fi tsoro, don jini ne mai yawa cikin ɗan lokaci. Shi ya sa a manyan asibitoci likitan ƙashin baya kan nemi likitan jijiyoyin jini ko na ciki ya buɗe masa hanya. Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda shi ma yana kusa. Hanji kuma kan yi sanyi kwana biyu ko uku, ciki ya kumbura, a hana mutum abinci.

Akwai wani abu da kunya ke hana a faɗa, ku gafarce mu. A gaban gaɓoɓin ƙasa akwai wasu ƙananan jijiyoyi da ke rufe bakin mafitsara lokacin saduwa. In suka taɓu, namiji zai iya kusantar iyalinsa, amma maniyyi ya koma mafitsara maimakon ya fito, haihuwa ta yi wuya. Mutum kaɗan cikin ɗari abin ke samu, wasu kuma yana warware musu da kansa. Amma saurayin da bai yi aure ba, ko mai neman haihuwa, haƙƙinsa ne ya ji wannan da kunnensa, ba yayansa kaɗai ba.

Bayan waɗannan akwai haɗarin kowane babban aiki: maganin barci, ƙwayar cuta ta shiga rauni, jini ya daskare a ƙafa, tokarar da aka sa ta goce. Sannan ita kanta lakar da ake son ceto tana iya taɓuwa.

Ba kowa ke bukatar yanka ba

Wanda ya karanta wannan lissafi zai iya cewa a maido shi gida. Kafin ya ce haka, ya ji sauran. Daga shekarun 1960 hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta gwada hanyoyin maganin tarin fukan ƙashin baya a Koriya, da Bulawayo ta ƙasar Zimbabuwe ta yanzu, da Hong Kong, da Madras ta Indiya, ta bi marasa lafiyan shekaru. Abin da ya fito shi ne, mafi yawan waɗanda har yanzu ke tafiya da ƙafarsu sun warke da ƙwayoyin magani kaɗai. Aikin gaba ya sa ƙashi ya haɗe da wuri kuma ya rage tanƙwarewar baya, amma magani ne ke kashe cutar. Ko an yi aiki, sai an sha shi.

Wannan magani a Nijar kyauta ne, ta shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka, kuma ana samun shi tun daga matakin gunduma. Ƙwayoyi iri huɗu ne a wata 2 na farko, sannan a ci gaba da iri biyu. Na ƙashi ya fi na huhu daɗewa, yakan kai wata 9 zuwa 12. Wanda ya ji sauƙi a wata na uku ya ajiye maganin ya tafi cin rani, ya buɗe wa cutar da ba ta jin magani ƙofa.

Yanka yana zama dole ne in ƙafafu na ƙara mutuwa duk da magani, in gaɓoɓi sun zube har baya ba zai iya riƙe kansa ba, in ƙusumbi na ƙaruwa musamman ga yaro mai girma, ko in mugunya ta taru da yawa tana danne laka ko maƙogwaro. In an kai nan, lissafi ya juya. Haɗarin yanka yana iya zuwa, yana iya ƙin zuwa. Laka kuwa in ta daɗe a danne, mutuwa take yi. Shanyewar da tarin fuka ya kawo tana cikin waɗanda suka fi warkewa in an ɗage nauyin da wuri, mutanen da aka kawo a kwance sun koma gona. Wanda aka maido gida kuma, abin da ke jiransa mun san shi: gyambon kwanciya, ciwon mafitsara, da matar da za ta bar komai ta koma juya shi dare da rana.

Ragin kuɗi da tsawon hanya

A watan Agusta na 2024 majalisar ministoci ta rage kuɗin ayyukan lafiya da kashi 50 cikin 100 a asibitocin gwamnati, ragin ya fara aiki ranar 1 ga Satumba. Talaka ya ji daɗin wannan, kuma ya cancanci yabo. Amma ga mai ciwon ƙashin baya daga Babankatami, kuɗin da ake biya a taga kashi ɗaya ne cikin nauyin. Wannan aiki ba na asibitin gunduma ba ne. Yana bukatar sikana ko IRM, ɗakin farfaɗowa, ma'ajiyar jini, da likitan da ya saba. A cikin ƙasa irin waɗannan likitoci a Yamai suka fi taruwa, a Asibitin Ƙasa da Babban Asibitin Kwatance da aka buɗe a 2016, sai kuma Damagaram. Yamai ta fi kilomita 500 daga nan. Ragin bai shafi kuɗin mota ba, bai shafi abincin masu jinya biyu na wata guda ba, bai shafi albasar da aka bari ba mai ban ruwa ba.

Shi ya sa da yawa ke duban kudu. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato yana da cibiyar aikin ƙwaƙwalwa da laka, kuma daga Ƙonni bai kai kilomita 100 ba. Asibitin ƙashi na Dala a Kano shi ma sananne ne. Amma mun ga yadda iyaka ta rufe bayan 26 ga Yuli 2023, ba ta buɗe ba sai Maris 2024. Wanda zai yi aiki a ƙetare ya tuna cewa ba ranar yanka ake gamawa ba. Akwai komawa a duba rauni, a sake hoto, a ga ko ƙarfe na nan daram.

A ganinmu, ragin kuɗi zai fi amfanar yankinmu a farkon hanya, ba a ƙarshenta ba. Ganin majo a CSI, hoton baya a Buza ko Madawa ko Galmi ko Tawa, gwajin tarin fuka: waɗannan ƴan jikkuna ne. Muna kira ga hukumomin lafiya na gundumomin nan uku da su sa ciwon baya mai daɗewa cikin faɗakarwar tarin fuka, don har yau in an ce tarin fuka, tari kaɗai mutane ke ji. Muna kuma tuna wa masu kai ɗauki wurin haɗari: wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi a bayan mota ko a kan babur. A kwantar da shi a miƙe kan ƙyaure ko katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya juya. Ɗaukar da ba a yi daidai ba tana iya ƙara wa laka rauni bayan faɗuwa.

Ga ƴan uwa na waje

Mun san halinku. In aka ce yanka, cikin kwana biyu kun haɗa abin da ya sawwaƙa kun turo ta NITA ko Al Izza. Amma in aka ce "bayansa na ciwo wata uku ke nan", sai ku ce a saya masa magani. Can ne ya kamata kuɗinku ya fara shiga. Icce tun yana ɗanye ake gyara shi.

In kuwa an riga an kai matakin sa hannu, matambayi ba ya ɓata. Ku sa wanda ke wurin ya tambayi likita cikin ladabi, in ya yarda a buɗe muku waya ku ji da kanku:

Mene ne ainihin ciwon, an tabbatar tarin fuka ne ko karaya ko wani abu, kuma an fara magani?

In ba a yi aikin ba, me zai faru nan da wata ɗaya?

Me ya sa ta gaba? Yanzu likitoci da yawa na iya kafa kusoshi ta baya su zagaya ta gefe su isa gaba. Ko hakan zai yiwu ga namu?

Wane sashe za a raɓa, kuma wane haɗari ya fi kusa da shi?

Leda nawa ta jini za a tanada, dangi nawa za su zo su bayar?

Ƙarfen da za a sa yana cikin kuɗin da aka faɗa, ko daban ake saye?

Me ake fata aikin ya dawo da shi: tafiya, riƙe fitsari, ko dai tsayar da ɓarnar inda take?

Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce muku babu haɗari ko kaɗan, ko ya rantse mara lafiya zai tashi da gudu, shi ne abin tsoro, ko a asibiti yake ko a zaure. Kuma in mara lafiya babba ne mai hankalinsa, a bar shi ya ji komai ya faɗi nasa. Jikinsa ne, muryarsa ce, zuriyarsa ce.

Ga ɗan uwanmu na Abijan, amsarmu ke nan. Likitan da ya ga hoton shi ke da ta cewa a kan ko a yanka ko kada a yanka. Amma kada yankan ciki ya zama dalilin maido shi gida, don yanzu ka san abin da ya haɗa ciki da baya. Ƙafafun da suka daina ɗaukar mutum ba sa jiran a gama shawara a waya. Ka kira yau, ka yi tambayoyin nan, ka kuma sa a duba sauran mutanen gidan, musamman yara da duk mai tari, don tarin fuka ba ya cika shiga gida ya tsaya kan mutum ɗaya.

Allah ya ba shi lafiya, da sauran marasa lafiyanmu na gida da na asibiti.